Tawadar Sabo Hayaƙi

Kwalbar lemo ce tsohuwa, irin wadda aka daina yi tun ina firamare, an toshe bakinta da tsumma. A gindinta akwai wani baƙin abu da ya bushe ya daskare, bai fi kaurin farce ba. Mahaifina ne ya zaro ta daga aljihun rigarsa ya ajiye min a kan benci, a rumfarsa da ke Apo, ranar wata Asabar da hantsi.

"Mashkura, ki kai wannan wajen aikinku ki duba min," in ji shi. "Ina so in san ko shi ya kashe ƙaninki."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ƙanina ya rasu shekara talatin da suka wuce, yana da kwana biyar a duniya, ko suna ba a yi ba. A gidanmu ba a taɓa cewa wani abu ne ya kashe shi ba. Abin da na sani shi ne an haife shi ɗan mitsitsi, kwanansa ya ƙare, daga shi kuma Inna ba ta sake haihuwa ba.

"Innarki ba ta san da maganar nan ba," ya ƙara cewa, yana kallon ƙasa. "Kada ki gaya mata sai na ji abin da injinku ya ce."

Sunan mahaifina Sabo. Amma a Apo in ka ce Sabo, mutum huɗu za a nuna maka, sai ka ce Sabo Hayaƙi sannan a san wanda kake nema. Tun da ya yi ritaya ya kafa rumfa a cikin makanikai, kuma ba ya riƙe sifana sai ta kama dole. Aikinsa ɗaya ne. In aka kawo mota, ba ya buɗe gabanta. Baya yake zagayawa ya tsuguna, ya zura ɗan yatsa cikin salansa ya lakato baƙin, ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Daga nan sai ya miƙe ya faɗi ciwon motar. In baƙin ya zo a bushe da laushi, man ya fi iska yawa. In ya zo da danƙo, injin ya fara shan baƙin mai. Na sha ganin masu manyan motoci suna gardama da shi.

"Haba Baba, ko engine ɗin ba ka buɗe ba fa!"

"Oga, je ka buɗe. In ka samu wani abu daban ka dawo ka ba ni labari."

Ba su cika dawowa da labari ba. Ni ma wannan yatsan nasa ne ya kai ni inda nake. Na yi karatun injiniya, na wuce ƙasar waje na yi shekara huɗu a kan abu ɗaya, wato yadda baƙin hayaƙi ke samuwa yana girma a cikin wutar da ke fita daga bayan roka. Dangi suna gaya wa mutane wai ina harba roka sararin samaniya. Gaskiyar magana ban taɓa ganin roka tana tashi da idona ba, aikina lissafi ne da ɗan harshen wuta a ɗakin gwaji. Baba kuwa cewa yake yi ni da shi sana'armu ɗaya, sai dai ni na ɓata shekaru kafin in iya.

A ranar, a kan wannan bencin, ya ba ni labarin da ya ɓoye. Wani ɓangaren na san shi tun ina yarinya, ban dai san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Kakana mai haɗa tawada ne a birnin Zariya. Baƙin tukunya yake kankarowa, ya tankaɗe, ya dama da ƙaro da ruwa, ya bar shi ya kwana. Irin tawadar da ake rubutu da ita a allo ke nan, a wanke a sha. Baba ya koyi haɗin tun yana ƙarami, amma zuciyarsa tana wajen inji. Ya bi wata babbar mota zuwa Legas, ya yi ta fama har ya samu aikin kula da janareta a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Da kakana ya rasu, sai Baba ya ɗaukar wa kansa alkawari. Duk Juma'a in ya dawo masallaci zai kankare gindin tukwanen Inna ya haɗa tawada, ya raba wa malaman unguwa sadaka, ladan ya je wa mahaifinsa. Shekara goma sha ɗaya bai fasa ba. Inna Zulai da itace take girki a tsakar gidan hayar da muke, saboda haka baƙin tukunya bai taɓa yanke masa ba.

Sai aka ce gwamnati ta tashi, kowa ya kama hanyar Abuja. A ƙarshen 1991 aka yi ta loda fayil da kujeru a manyan motoci. Janaretan ma'aikatarsu a bayan tirela aka ɗaure shi, Baba ya ƙi shiga motar ma'aikata, ya zauna a gefensa kwana uku a hanya don kada a kwance masa wani abu. Mu muka biyo baya bayan wata guda. Ina da shekara tara. Abin da na fi tunawa shi ne faɗin tituna da rashin mutane, ga jar ƙasa ko'ina, ga gine-gine tsaye ba tagogi.

Aka ba mu ɗaki biyu a hawa na uku a wani bene a Garki. Washegarin zuwanmu Inna ta sauko da duwatsu uku ta jera a bayan gini za ta hura wuta. Kafin hayaƙi ya tashi sai ga Oga Zacharias, mai kula da benen, ya taho da sauri.

"Madam, nan ba Lagos ba ne o! Wannan gidan government ne, ba a sa wuta a nan. Ka je ka sayi stove."

Inna ta kwashe duwatsunta tana ƙunƙuni. Aka sayo risho, tukwane suka zauna fes, Juma'a ta zo Baba ba shi da abin kankarewa. Ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Ya ce min a lokacin ji yake kamar ya bar mahaifinsa da yunwa a kabari.

A nan ne nake jin haushinsa har yau, kuma na gaya masa a gaban idonsa. Ƙauyuka ne zagaye da garin, kowane gida da murhu. Da ya hau mota ya nufi wajen Yangoji ranar hutu, da ya cika buhu da baƙin tukunya, ba wanda zai hana shi. Amma ga abu a kusa. Wuta ba ta zauna ba a sabon garin, janareta yana aiki tun safe har a tashi, duk mako biyu sai ya share salansa ya zubar da baƙi kusan rabin bokiti. Wata rana ya murza shi a yatsa, ya ji laushin da bai taɓa ji a gindin tukunya ba. Ya ƙunsa a takarda ya kawo gida.

Tawadar da ta fito ba a taɓa ganin irinta ba. Baƙa ƙirin, ba gudaji, alƙalami yana tafiya a kanta ba ya sarƙewa. Ya zuba ɗan turare don ya danne warin dizal. Ya kai wa Alaramma Badaru, wani dattijo ɗan Katsina da ke limanci a ƙaramin masallacin unguwarmu.

"Wannan ta takarda ce, Alaramma," ya ce masa.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, sau ɗaya, bai kuma faɗi dalili ba. Alaramma ya gwada, ya yi ta sa albarka. Bayan sallah ya ɗaga takardar yana nuna wa jama'a, yana cewa ku ga haɗin Zariya, ku ga abin da ake gada wajen iyaye. Baba yana zaune a sahu yana jin ana ambaton mahaifinsa da alheri a garin da ba wanda ya san shi. Da ya buɗe baki a lokacin ya ce daga salansar janareta ya samo, da magana ta ƙare. Bai buɗe ba. Daɗin yabon ya fi ƙarfinsa.

Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san tawada iri biyu ce. Ta takarda kama jiki take yi, ruwa ba ya fitar da ita. Ta allo kuwa da an sa ruwa take wankuwa. Ta Baba baƙi ce da ƙaro, ruwa na taɓa ta take narkewa. To me malami zai ɗauke ta? Da tawadar da Alaramma ya zo da ita daga gida ta ƙare, sai ya tsoma alƙalaminsa a wadda ke gabansa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

A shekarar ne Inna ta samu ciki, bayan shekara tara ana jira. Murnar da aka yi a gidanmu ba ta faɗuwa. Baba da kansa ya je ya roƙi Alaramma ya riƙa yi mata rubutun sha don a sauka lafiya. Duk bayan kwana uku matar Alaramma takan kawo kwalba, Inna ta sha safe da yamma. Baba yana fita da sassafe, ya dawo a gajiye, kwalbar tana kan taga a ɗakin girki, bai taɓa ɗaga ta ya duba ba. A ransa Alaramma da tasa tawadar yake yi. Wata biyar aka yi a haka.

Yaron ya zo kafin lokacinsa. Baba ya yi masa huɗuba da Abdulbasit. Ina tuna tafin ƙafarsa, bai kai tsawon babban yatsana ba. Ranar kwana na biyar da azahar ya koma. Maza suka ɗauke shi a tabarma suka tafi, aka bar Inna zaune a bakin gado.

Bayan kwana uku, da masu gaisuwa suka ragu, Baba ya shiga ɗakin girki neman ruwa. Ya ga kwalba a taga da sauran rubutu a ciki, baƙin ya kwanta a gindi. Hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba. Ya jijjiga, ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya kai hanci.

"Mashkura, ko a cikin dubu na san baƙin injina," ya ce min. "A ƙasa na zauna."

Ya je wajen Alaramma ya karɓe sauran tawadar, ya ce ta lalace ne. Ko a nan bai faɗi gaskiya ba. Alaramma ya koma Katsina bayan 'yan shekaru, ya rasu bai sani ba. Wasu ma sun sha rubutun a unguwar, Baba ya yi ta bin lafiyarsu a ɓoye yana tambayar yara da jikoki, bai ji wani abu ya samu kowa ba, amma hakan bai kwantar masa da hankali ba. Daga ranar bai sake haɗa tawada ba. Ni da na tambaya ina yarinya, cewa aka yi ƙaron Abuja ba shi da kyau.

Na ɗauki kwalbar na tafi ba tare da na yi masa sallama ba. A mota na yi kuka, rabi don tausayi, rabi don takaici. Shekara talatin yana cin tuwon matar nan da wannan abu a cikinsa!

Mako biyu na yi ina aiki a kan ɗan abin da na kankaro. A ƙarƙashin na'ura na ga abin da na saba gani. Baƙin hayaƙi ba toka ba ne, a cikin wutar ake haifarsa. Inda mai ya fi iska yawa, zafi yana farfasa man, gutsattsarin su haɗu su zama 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana tafiya tana yafa sabon baƙi a jikinta tana ƙara ƙiba, sannan su yi karo da juna su manne, su zama sarƙa kamar tsakiyar da aka zuba a zare. In suka gamu da iska tun da sauran zafi, sai su ƙone su ɓace. In kuwa suka riga suka fita inda ya huce, shi ke nan, sun zauna. Haka yake a bayan roka, haka yake a salansar janareta. Na ga sarƙoƙin, na kuma samu ragowar dattin mai manne da su, irin wanda ba wanda zai so ya shiga cikin mai juna biyu.

Amma abin da Baba ke tambaya ba ya cikin na'urar. Na je wajen wata ƙawata likitar mata, Dakta Lydia, na ba ta labarin ban ambaci suna ba. Ta ce haihuwa kafin lokaci dalilanta suna da yawa, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, wahalar hawa bene, wani lokaci ma ba a gano komai. Ta ce bayan shekara talatin, ba takardar asibiti, ba wanda zai iya rantsuwa a kan eh ko a'a. Ni kaina na san ko baƙin tukunyar ba wankakke ba ne. Na fito daga ofishinta hannu wofi.

Na koma Apo ranar Asabar. Na same shi tsugune a bayan wata mota. Da ya gan ni sai ya miƙe da ƙyar, ya goge yatsa a tsumma, muka zauna, na miƙa masa kwalbar. Na lura ya rame a cikin mako biyun nan. Tun a hanya na shirya abin da zan faɗa.

"Baba, na duba. Ba shi ba ne."

Ya dube ni.

"Injin ne ya faɗa, ko ke?"

Mutumin da ke gane ƙaryar mota daga bayanta, ni ce zan ruɗe shi? Sai na gaya masa duk abin da na gani da abin da likita ta ce. Na ce abin ba na sha ba ne, wannan tabbas ne. Ko shi ya jawo, ko ba shi ba, Allah kaɗai ya sani, kuma ba na'urar da za ta taɓa faɗa.

"To duk karatun nan naki," ya ce, bai ƙarasa ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, amma ya yi min ciwo.

Ya ce shekara talatin yana jiran ɗayan biyu. In an ce ba shi ba ne, ya yi shiru har kabari. In an ce shi ne, ya je ya durƙusa gaban Zulai. Bai taɓa shirya wa na uku ba. Ya juya kwalbar a hannunsa, sannan ya sa ta a aljihu ya ce in kai shi gida.

A Kuchigoro suke zaune tun bayan ritaya, a ɗan gidan da ya gina da tsakar gida, inda Inna ta koma girkinta na itace ba mai ce mata ta sayi risho. Muka same ta bayan la'asar tana tsince wake a faranti. Baba bai zauna a kujerarsa ba. A ƙasa ya zauna gabanta, ya ajiye kwalbar tsakaninsu. Na juya zan ba su wuri, Inna ta ce in tsaya.

Ya faɗa mata duka, tun daga bokitin baƙi har zuwa ranar da ya murza a yatsa. Inna ba ta daina tsintar wake ba sai da ya kai ƙarshe. Sannan ta ajiye farantin.

"Malam, shekara nawa na yi ina wanke maka kayan aiki kafin mu zo garin nan?"

"Sha biyu."

"To kana ganin akwai turaren da zai ɓoye min warin dizal? Tun kurɓar farko na gane."

Baba ya ɗago kai.

"Matar Alaramma ce ta kawo, mata cike da ɗaki," in ji Inna. "Tana cewa Zulai kin yi dace, da tawadar mijinki aka rubuta miki, haɗin Zariya. Kowa yana sa maka albarka. In na ce ba zan sha ba, sai an tambaye ni dalili. In na faɗi dalili, ina za ka sa fuskarka a masallaci? Na ce a raina ai ayar Allah ce, ba za ta cuce ni ba. Na toshe hanci na shanye. Da aka kawo ta biyu kuma, na riga na fara."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Kai me ya sa ba ka gaya min ba?" Ta share ido da gefen mayafi. "Da na nemi kwalbar nan a taga na rasa, na san kai ka ɗauka. Na yi ta jira ka yi magana. Da ka yi shiru sai na ɗauka ka gane na sani, kana jin haushina ne ka haɗiye. Kai sau ɗaya ka haɗa ka bayar. Ni da hannuna na ɗaga na sha, safe da yamma, wata biyar."

Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba sai ranar. Ni kuma haushin da na zo da shi na rasa a kan wa zan sauke shi. Ta tambaye ni abin da injin ya ce, na maimaita mata. Ta gyaɗa kai kawai, kamar dama ba ta sa ran wani abu ba.

Na miƙa hannu zan ɗauke kwalbar, na ce bari in tafi da ita in jefar, ta isa haka. Inna ta riƙe min hannu.

"Akwai aya a ciki. Ba a jefawa a shara."

Ta aike ni na ɗauko fartanya a bayan ƙofa. Muka zagaya bayan ɗaki, gindin bishiyar zogale, inda ba a taka wa. Baba ya karɓi fartanyar ya fara haƙa. Inna ta kwance ɗankwalinta na ciki, fari, ta naɗe kwalbar a hankali, ta rungume ta a ƙirji tana jira. Da ramin ya kai kamar taƙi ɗaya ya tsaya ya dube ta.

"Ƙara zurfi kaɗan, Malam," ta ce. "Kuma ni zan sa shi da hannuna. Wancan karon ba a bar ni na je ba."